Ɓarawon Kanwa

Tun kafin rana ta yi zafi gidan Rabeka ya cika da hayaniya, don Asabar ce, jajiberin Ista, ranar rina ƙwai. Yemima, babbar 'yarta, ta riga ta share tsakar gida ta shimfiɗa tabarma a inuwar itacen bedi, 'ya'yan maƙwabta kuwa sun cika bakin zaure, kowa da tsinkensa a hannu, ana gardamar wanda zai fara zane. Gidajen Kirista ba su da yawa a Belbeji, amma yaran unguwar, na masallaci da na majami'a, sun san wannan rana kamar yadda suka san ranar rabon naman Layya.

Gidiyon, mijin Rabeka, mai yi wa dabbobi allura, shi ya kawo abin. A Damagaram ya gani lokacin da yake karatu, ya dawo da shi gida ya mai da shi nasa. Bai taɓa sayen fenti ba. Gangamau ke ba shi rawaya, baba shuɗi, ja kuwa daga karan dafi, irin wanda dukawa ke rina fata da shi. A dafa ƙwai, yara su narka kakin zuma su yi zane da tsinke, a tsoma a rini, duk inda kaki ya taɓa ya fito fari. Ranar Lahadi bayan sujada, autar gida ta ɗauki kwando a bi gida-gida.

Jan nan shi ne abin alfaharinsa. Shi kaɗai yake haɗa shi, ya juya wa kowa baya yana waƙa, yana cewa sirrin likitan shanu ne. Daminar da ta wuce zazzaɓi ya ɗauke shi, ya tafi da sirrin, don ba wanda ya taɓa tunanin tambaya.

Tun daga nan Asibi, autarsu, ta daina dariya. Ba ta kuka, ba ta rigima, zama kawai take yi tana kallon ƙofa. Da aka fara zancen ƙwan bana, sai ta ce ita jan Baba take so, in babu shi ba za ta ɗauki kwando ba. Rabeka ta yi mata alkawari nan take, don shi ne abu na farko da yarinyar ta roƙa tun bayan rasuwar. Karan dafin da ya rage kuwa damƙi ɗaya ne, wanda Gidiyon ya soke a rufin madafa, kuma ba za a samu wani ba sai ranar kasuwa, bayan Ista ta wuce.

Rabeka ta darje tukunyar rinin da yashi har ta yi ƙyalli, ta ɗebo ruwan famfo mai kyau, ta karya rabin karan dafin ta tafasa. Can kan tabarma kuwa aiki ya kankama. Wani yaro ya zana raƙumi ya fito kamar kujera, aka yi ta yi masa tsiya, shi kuma ya dage wai raƙumin a durƙushe yake. Yemima ta rina hannuwanta shuɗi har gwiwar hannu, tana bin ƙanana da gudu tana cewa ita ce aljanar rijiya. Ƙwai masu rawaya suka jeru a faifai kamar an gutsuro rana.

Da ruwan ja ya huce, Asibi ta tsoma ƙwanta da kanta. Aka jira, aka ciro shi, sai ga shi kamar shayin da bai ji ganye ba. Yarinyar ta juya shi a tafin hannu, ta ajiye a hankali, ta tafi bayan rumbu ta zauna.

Fadimata, maƙwabciyarsu, ta leƙo ta kan katanga ta ce a gwada lemun tsami, ai shi ke kama lalle. Aka matsa, ruwan ya ƙara kodewa. Aka zuba gishiri, bai canza ba. Fadimata ta ce to ita iyakar iliminta ke nan, in ana son fura a zo gidanta. Rabeka ta dubi ɗan karan dafin da ya rage, bai fi na tukunya ɗaya ba, ta kasa sa masa hannu.

Rana ta yi tsaka, yara sun fara cewa yunwa. Rabeka ta shiga madafa don ɗora miyar kuka, ta miƙa hannu ta sauko da gwangwanin kanwa. Sai ta ji shi da nauyi. Ta buɗe, ga shi cike, kamar yadda ta bar shi jiya.

Ta tsaya da shi a hannu. Kowace shekara, a irin wannan Asabar, in ta zo ɗora miya sai ta tarar an yi wa kanwarta mugun gibi. Kowace shekara kuma akuyar tsohon maƙwabcinsu Barmo ce ke shan zagi, wata baƙa mai karyayyen ƙaho da ke shigo musu ta ƙasan darni. Har zauren tsohon ta taɓa zuwa da gwangwanin a hannu, ya yi ta ba ta haƙuri. Wanda ya fi kowa bin akuyar da sanda kuwa, yana ihu yana cewa yau sai ta ga likita, shi ne Gidiyon.

Dariya ta kufce mata, hawaye na bin dariyar, har ta dafa bango. Yemima ta shigo a guje tana tambayar lafiya.

"Ubanku ne," in ji Rabeka. "Ubanku ne ɓarawon. Hura wutar nan, maza."

Ta jiƙa kanwa a ƙoƙo, ta zubar da ruwan farko, ta karya karan dafin ƙarshe a tukunya ta zuba ruwan kanwar a kai. Yara suka bar zane suka kewaye murhu, kai na gugar kai. Tun kafin ya tafasa ruwan ya fara juyawa, ya yi duhu, ya yi ja, ja sosai, irin na sabuwar jakar fata. Ihun da suka yi har ya tashi kajin Fadimata.

Rabeka ba ta aika kowa ba, da kanta ta je bayan rumbu. Ta durƙusa ta gaya wa Asibi labarin gwangwanin da akuyar, tun daga fari. Yarinyar ta saurara ido buɗe.

"Inna, ke nan Baba ƙarya ya yi wa akuya?"

"Ƙarya mai kauri, auta. Kuma ya bi ta da sanda."

Bakin Asibi ya motsa, ta sa hannu ta rufe, amma dariyar ta fi ƙarfin hannun. Ta tashi ta riga uwarta zuwa tabarma, ta ɗauki sabon ƙwai da tsinke, ta fito da harshe tana zane. Wannan karon ba ta yarda kowa ya leƙa ba, ta juya musu baya. Da aka ciro shi daga rinin ya fito jajawur, a jikinsa ga farar akuya, ƙahonta ɗaya a karye.

Washegari bayan sujada, Asibi ce a gaba da kwando a ka, yara na biye suna waƙa. Rabeka ta so a fara da gidan fasto kamar kullum, yarinyar ta ƙi, ta nufi zauren Barmo kai tsaye. Tsohon yana zaune kan buzu, ta durƙusa ta miƙa masa jan ƙwan da hannu biyu.

"Baba Barmo, wannan na akuyarka ne. Inna ta ce a ba ta haƙuri."

Ya juya ƙwan ya ga zanen, ya dubi Rabeka da ke tsaye tana gyara kallabi. Ya ce akuyar dai ba ta cin ƙwai, amma shi wakilinta ne, kuma ya yafe a madadinta. Bai fasa shi ba, ya sa a aljihun riga. Asibi ta gyara kwandonta a ka, ta ce wa Yemima ta yi sauri, gidaje da yawa suna jira.