Turancin Baba Mika'ilu

Ranar Lahadi da hantsi, bayan mutanen Kurudu sun tafi coci ƙauyen ya yi tsit, Malam Mika'ilu ya tsaya a bakin gonar mai gidan da yake haya, ya gyara zaman hularsa, ya fuskanci kunyoyin doya kamar mai shirin yi wa jama'a jawabi. Ya yi gyaran murya, sannan ya fara ba su labari da Turanci, kalma bayan kalma, yana ɗora kowace da taka-tsantsan irin na mai jera ƙwai a kwando.

Labarin wani lebura ne, wanda a ranar da aka kwashe kayan ma'aikata daga Legas aka damƙa masa agogon bango. Mutumin ya riƙe agogon a tsaye a kan cinyarsa tun daga Legas har Abuja, bai runtsa ba, don kada lokaci ya zube a hanya. Da suka iso aka duba, agogo ya tsaya. Sai ya ce kada a zarge shi, ai garin ne sabo, ba a gama gina lokaci a cikinsa ba tukuna.

Da ya kai ƙarshe sai ya dakata, ya bar gurbin da dariya za ta shiga. Wata kurciya ta tashi daga cikin ciyawa. Ya ɗan jira, sannan ya koma farko.

Dattijo ne mai furfura a gemu, masinja a wata ma'aikatar tarayya. Ya yi ƙuruciyarsa da tsufansa a Legas, a unguwar Hausawa ta Agege, inda aka san shi da ƙarancin magana, kuma shi ake turawa gaba ya ja salla idan liman ya yi tafiya. A ofis ma bai taɓa buƙatar doguwar magana ba. A miƙa masa fayil ya kai, a ce shayi ya kawo. Da gwamnati ta tashi daga Legas ta koma Abuja, aka ɗauko shi tare da tebura da akwatunan ƙarfe. Matarsa Zaituna kuwa ta zauna a can, domin babu inda zai ajiye ta. Ɗakin da ya samu a Kurudu rumbun ajiyar hatsi ne a da, idan ya shimfiɗa tabarma ƙafarsa tana taɓa ƙofa.

Saƙon Zaituna yakan zo ta bakin direbobin motocin goro. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Takan ce dai gwiwoyinta sun ƙara nauyi, yanzu a zaune take salla, kuma mai gidan da take haya yana yawan tambayar ranar da za ta tashi.

Akwai ɗakuna na ƙananan ma'aikata a Nyanya, amma masu nema sun fi ɗakunan yawa nesa ba kusa ba. An sanar cewa duk mai so zai bayyana gaban kwamitin rabon gidaje ya faɗi uzurinsa da bakinsa, da Turanci, tunda 'yan kwamitin daga sassa daban-daban na ƙasa suke. Abin da ya kai Malam Mika'ilu ajin manya ke nan, yana da jikoki.

* * *

Ajin yana zama ne bayan la'asar a wata makarantar firamare da ke Karu, a kan bencinan yara, inda manya suke zaune gwiwoyinsu na gogar ƙasan tebur. Malamar ajin, Madam Christina, 'yar Filato ce mai faffaɗar murya, tana da tata hanyar koyarwa. Ba ta fara darasi da allo. Sai ta kawo wani ɗan labari mai ban dariya ta ba su da Turanci a hankali, tana yi tana kwaikwayo da hannu da fuska, har sai wani ya fashe da dariya. Daga nan ne take tsinto kalmomin ɗaya bayan ɗaya ta rubuta. A haka Malam Mika'ilu ya san cewa murmushi yana da sunansa daban, ƙyalƙyala tana da nata, har dariyar da mutum yake ɓoyewa cikin tafin hannu an raɗa mata suna. A haka kuma ya gane cewa kalmar aiki a Turanci tana sauya riga idan abin jiya ne, wata ta ƙara jela kawai, wata kuma ta sake kama gaba ɗaya, har ka gan ta ba ka shaida ta ba.

Kowace Juma'a ɗalibi ɗaya yakan tashi ya ba da nasa labarin. Madam Christina takan ce musu harshe ba ya zama naka sai ranar da ka ba mai shi dariya da shi. Idan ka ji an yi dariya, to an fahimce ka. Malam Mika'ilu ya riƙe wannan magana da hannu biyu, kamar yadda yake riƙe duk abin da malami ya faɗa.

Ranar da ya ba da labarin mai agogo, harshensa ya yi ta tuntuɓe. Ya bai wa mace sunan namiji, ya bar jiya da rigar yau. Duk da haka da ya kai ƙarshe ajin ya ɗauka, har wata mai sayar da ƙosai ta dafe ciki.

"Baba, labarin nan ta yi daɗi," in ji Madam Christina da Hausarta ta Filato, tana share ido. "Amma akwai gyara. Za mu wanke shi tas, ni da kai."

"Na gode, Malama," ya ce. Ya koma Kurudu a ƙafa, bai ji nisan hanyar ba.

* * *

Shugaban kwamitin gidajen shi ne ogan sashensu, Alhaji Lawal, ɗan Arewa da ya yi karatu a ƙasar waje, mai fararen riguna da Turanci mai santsi. Wata rana Malam Mika'ilu ya kai shayi ofishinsa ya tarar da baƙi, Alhaji ya tambaye shi ina yake sauri kullum da yamma. Da ya ji amsar sai ya jingina da kujera, ya ce to a ɗanɗana musu abin da aka koyo.

Ya ajiye faranti, ya tsaya kamar yadda yake tsayawa a gona, ya fara. Bai gama jimla ta biyu ba ɗakin ya kece da dariya. Ya ɗan yi mamaki, domin a aji ba a nan ake dariya ba, amma ya ce a ransa manyan mutane sun fi saurin ganewa. Ya ci gaba. Wani baƙo ya buga tebur, wani ya cire tabarau yana goge hawaye. Kafin ya kai wurin da agogo ya tsaya, babu mai iya jin sa. Ya fita da faranti yana yi wa Allah godiya. An yi dariya, ke nan an fahimce shi.

Daga ranar abin ya zama al'ada. Duk baƙon da ya zo daga Legas yana ƙorafin garin ba kowa, ba wurin hira, ba iyali, sai Alhaji ya danna ƙararrawa a kira masa Baba Agogo. Sunan ya bi bene ya sauka har wurin direbobi. Surajo, direban Alhaji, ba ya ganin sa sai ya rungumo iska a cinya yana layi. Malam Mika'ilu bai ji haushi ba. Tun da ya baro Agege babu wanda ya neme shi don wani abu ban da fayil.

A can aji kuwa ana ta wanki. Madam Christina takan tsayar da shi bayan an tashi, su bi labarin jimla jimla. Inda harshensa yake karkacewa ta sa ya maimaita har ya miƙe. Suka kuma shirya uzurin da zai faɗa wa kwamiti, gajere, mai tsabta: yana da mata tsohuwa marar lafiya a Legas, ba ta da mai kula da ita. Wata biyu kafin zaman kwamiti Alhaji ya tafi kwas, ba a ƙara kiran sa ba, shi kuma ya yi amfani da lokacin ya goge labarinsa har ya zama babu inda za a sa allura.

* * *

Ranar zaman kwamiti ya sa farar rigarsa ta salla. Masu jira sun cika baranda, kowa yana motsa baki yana bitar abin da zai faɗa. Da aka kira shi ya shiga, ya ga mutane a jere bayan dogon tebur, fuskokinsu a gajiye. Alhaji Lawal, wanda ya dawo a makon, yana ganin sa ya washe, ya gaya wa abokan zamansa cewa su ajiye biro, yau za su huta.

Ya ba da labarin. Bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Kowace kalma ta fito da rigarta, mace ta zama mace, jiya ta zama jiya. Da ya faɗi maganar ƙarshe ya dakata, ya bar gurbin nan. Wata mata a ƙarshen tebur ta yi murmushi. Fanka tana juyawa a sama. Wani ya duba agogon hannunsa.

Alhaji ya sunkuyo, ya yi magana da Hausa, ƙasa-ƙasa.

"Baba, wa ya ɓata maka shi?"

"Ranka ya daɗe, gyara shi aka yi."

"A'a. Ba haka kake faɗi ba. Yi mana irin na da."

"Na da ai kuskure ne, ranka ya daɗe."

"To, shi muke so. Na riga na yi wa mutanen nan alkawari, kada ka ba ni kunya. Ga layi a waje kana gani."

Malam Mika'ilu ya dubi fuskokin. A tsayuwar nan ya tuna wuraren da ake dariya a ofis, ɗaya bayan ɗaya, ya ga ashe duk wuraren da Madam Christina ta tsayar da shi ne. Babu wanda ya taɓa jin ƙarshen labarin a ɗakin Alhaji. Ya ji ƙafarsa tana son ƙofa. Sai ya ga Zaituna zaune a kan sallaya, ƙafafunta a miƙe, tana sauraren takun mai gidan haya a tsakar gida.

Ya sake gyaran murya.

Ashe komawa baya ya fi wuya. Kurakuran sun riga sun fita daga bakinsa, sai da ya riƙa laluben su kamar mai neman tsumman da ya yar. Inda ya manta na da, ya ƙirƙiro sabo. Ya karya harshe, ya zaro ido, har ya rungumo iska a cinya kamar yadda Surajo yake yi. Ɗakin ya ɗauka. Matar ƙarshen tebur kaɗai ta sunkuyar da kai tana juya biro.

Da dariya ta lafa ya buɗe baki zai faɗi uzurinsa, Alhaji ya ɗaga hannu ya ce ba sai ya faɗa ba, an san da zamansa, a kira na gaba.

Mako na zagayowa aka miƙa masa mabuɗi. Bai koma aji ba. Madam Christina ta aiko a tambaye shi lafiya, ya ce a gaya mata hidima ce ta yi yawa.

* * *

Zaituna ta iso a motar goro, da akwatinta da tukwane a ɗaure cikin zane. Sai da ya tallafe ta kafin ta hau matattakalar ƙofa. Ta zauna a kan tabarma ta dubi ɗakin, siminti a ƙasa, taga mai gilashi, famfo a bayan gida, ta yi hamdala har sau uku. Ta ce ya rame. Ya ce abincin garin ne. Ta tambaya yaya aka yi ya samu ɗaki irin wannan alhali ta ji ana cewa sai mai hanya. Ya ce Allah ne.

An kira la'asar, ya fita ya yi alwala, ya dawo da buta a hannu, sai ga Surajo, wanda ɗakinsa yake a jere da nasu, ya zo yi wa baƙuwa sannu da zuwa. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi gajiyar hanya da mutanen Legas. Sannan ya ce mata ai ta yi dacen miji, duk ma'aikatar babu wanda bai san Baba Agogo ba, manya har rububin kiran sa suke yi idan suna son a sa su dariya.

"Baba, don Allah yi wa Inna ko kaɗan ne ta ji," in ji shi, yana dariya tun kafin a fara. "Irin wanda ka yi gaban kwamiti."

Zaituna ta dubi Surajo da kyau, kamar mai neman tabbatar da cewa bai yi ɓatan ƙofa ba.

"Ɗana, ina jin wani kake nufi," ta ce a hankali. "Malam ba ya wasa."

Ta juyo ga mijinta tana jiran ya gyara wa yaron kuskurensa. Surajo ya bar dariya, ya sosa ƙeya, ya yi sallama ya tafi.

Malam Mika'ilu ya dubi butar da ke hannunsa. Ruwan alwala bai bushe a gemunsa ba, amma ya fita, ya tsuguna a bakin kwata ya ba ƙofa baya, ya karkata buta ya sake wanke hannuwansa daga farko.