Nauyin Mai Kujeru

"Saki jikinki, maƙwabciya," in ji Mai Kujeru. "Ba za ta kayar da ke ba."

Na zauna a ɗarare, hannuna ɗaya dafe da bango. Matarsa, Malama, tana zaune a ɗaya gefen. Kujerar ta rusuna wajena, ta koma wajenta, sannan ta tsaya cak.

"Ban faɗa maka ba?" ya ce wa mijina, yana haki yana murmushi. "Nauyina na da ne a jikin matarka, ba ragi ba ƙari."

"To, an gode da yabo," na ce.

Mai Kujeru ba irin kafintan da kuka sani ba ne. Zana kujera yake yi, ya ƙera ta farko da hannunsa a shagonsa na ƙasan bene, masana'antu su ɗauka su yi ta bugawa. Akwai mai ƙafa ɗaya, akwai wadda ya lanƙwasa daga falle ɗaya na katako ba ƙusa ko guda. Ni da farko na ɗauka ɗan taɓin hankali ne. Ranar da na zauna a wata na ji ta tallafe mini ƙugu daidai inda yake ciwo, na kama bakina.

Wannan da muke kai kuwa bai taɓa sayar da irinta ba. Mazauni biyu ne a kan gindi ɗaya mai lanƙwasa kamar na kwalekwale. Sai da mutum biyu take zama, wanda ya hau shi kaɗai ta juye da shi. Shekarar da ya auri Malama ya yi ta, ya auna ta da nauyinsu. Malama wuni take a tsaye gaban allo, ƙafafunta su kumbura, in ta dawo kuma ba ta zama ko'ina sai nan, a baranda, kusa da shi.

Sai ciwo ya kama shi, ya yi ta zabge shi. Kujerar ta fara rinjaya wajen Malama, shi yana can sama ƙafarsa na reto. Dariya suke yi wa abin, amma ni tausayi ya sa na daina leƙowa da yamma.

"Wai gwajin me ake yi da maƙwabciya?" Malama ta tambaya.

"Mijinta zai sa mini ƙarfe a cikin mazaunina," ya ce. "Don ki riƙa zama ke kaɗai."

Ta miƙe zumbur. Ni kuwa sai ga ni a ƙasa, ɗankwali a gefe. Ba wanda ya yi dariya.

"Ni na ce maka ina son zama ni kaɗai?"

"Ba ki ce ba."

"To a bar ta yadda take."

"Na san ki fa. In na tafi, a tsaye za ki ƙare."

Ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Bai bari ba. Da safe in ta tafi makaranta, mijina, wanda walda ce sana'arsa, sai ya tallabo shi zuwa shago ya kwantar da shi a kan benci. Aka ɗora ni a bakin wani dogon katako, ana jibga guntayen ƙarfe da dalma a ɗaya bakin har muka daidaita. Tun da nake ban taɓa ganin yawan kaina ba sai ranar.

"Yallaɓai, da mun yi da nauyinka na yanzu," in ji mijina. "Zai fi sauƙin ɗauka."

"Na yanzu ba ni ba ne. Ba ta saba da shi ba."

Mijina ya jera ƙarfen a tsakiyar ramin mazaunin, tsaf, zai liƙe. Mai Kujeru ya ɗaga yatsa.

"Mutum ba ya zama kamar dutse. Matsar da babban can hagu. Ƙara kaɗan. Ni kullum ta wajenta nake jingina."

Idonsa a rufe yake faɗa. Yana jin ƙarar ƙarfe a kan katako ya san inda ya sauka. Mutumin da ko kofi ba ya iya riƙewa, ga shi yana zuba zamansa a cikin kujera.

Da aka mayar da ita baranda, sai ta kwanta ta gefensa, mazaunin Malama a sama. Malama ta dawo ta gani. Ta raɓa ta wuce, haka kuma ta yi ta raɓa ta kullum.

Wata safiya, ina wanke-wanke, na ji Malama ta kira sunan mijina sau ɗaya, a hankali. Na ajiye kwanon, na san an yi rashi. Allah ya jiƙan Mai Kujeru.

Kwanakin da mutane suka yi ta shiga da fita, ban ga Malama ta zauna ba. A tsaye take amsa gaisuwa, a tsaye take kurɓar ruwa, in ta gaji ta jingina da ƙofa. Ƙafafun nan suka yi suntum. Na kawo mata kujerar roba, ta ce, "Bar ta, ƙanwata, na gode."

Bayan kowa ya watse, wata yamma ina kwashe shanya, na hango ta a baranda tana kallon kujerar. Ta daɗe. Sannan ta dafa hannun kujerar, ta juya baya, ta sauka a hankali irin na wanda ya shirya faɗuwa.

Gefensa ya taso. Kujerar ta yi lilo, ta sake yi, ta tsaya daidai.

Malama ta riƙe numfashi. Can ta dube ni ta saman katanga, hawaye na bin fuskarta.

"Har da jinginar," ta ce.

Ta zare takalmanta, ta miƙe ƙafafu, ta karkata kafaɗarta kaɗan zuwa dama.