Tsuntsun Lazhar

Duk wanda ya san bakin tafkin Tonga a lokacin zafi ya san tsofaffin nan biyu, Si Belkasem da Si Lazhar, da dutsen da suke zama a kai daf da inda kacala, doguwar ciyawar ruwan nan, ta fi kauri. Sai an haɗa su biyun ake samun mutum guda cikakke. Belkasem ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban injin niƙa har injin ya cinye masa kunne, sai ɗan saura a na hagu, amma idonsa ko gobe zai zura zare a allura. Lazhar kuwa tela ne a da. Ciwon suga ya dusashe masa gani, Allah ya bar masa kunnen da ke jin motsin kwaɗo a ƙarƙashin ganyen bado.

Suna da doka guda, kuma sun riƙe ta da gaske: tsuntsu ba ya tabbata sai da shaidu biyu, kunne da ido. Lazhar zai karkata kai ya nuna da yatsa, Belkasem ya ɗaga madubin hangen nesa ya faɗi launi da tsawon baki. In maganarsu ta zo ɗaya, sai a buɗe gorar kofi a raba gurasa. Da haka suka tabbatar da zalɓe kala-kala, da jinjimi, da agwagwar nan mai farin kai da baƙi ke tahowa daga birnin Annaba don su gan ta.

Matsalar ita ce Belkasem bai san ƙarfin muryarsa ba. Abin da yake zaton raɗa ne, masunta a ɗaya gaɓar suna ji. Wani lokacin ma bai san ya yi maganar ba, tunaninsa ne kawai ke zubowa ta baki. Don haka hannun Lazhar kullum yana kan gwiwarsa, da ya fara sai a matse, ya yi gum.

Tsuntsu ɗaya ne ya gagare su. Lazhar ya rantse akwai wani ɗan ƙarami a cikin kacalar nan da ke fashewa da kuka lokaci guda, kamar matar da aka taka wa shanya, sannan ya yi tsit. Shekara da shekaru yana nuna wuri ɗaya, Belkasem yana dubawa har idonsa ya yi ruwa, ba ya ganin komai sai ganye. Daga nan Belkasem ya raɗa masa suna tsuntsun Lazhar, yana faɗa a gidan shayi cewa a cikin kan tela yake sheƙa. Lazhar yakan yi dariya, amma abin yana ci masa rai, kuma Belkasem ya sani.

Bana, tun kafin ɓaure ya nuna, ƙafar Lazhar ta kumbura, ƙoda ta biyo baya, ya kwanta. Likita ya yi wa matar Lazhar, Hajja Wanasa, bayani a bakin ƙofa da murya ƙasa-ƙasa. Belkasem bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya ga fuskarta, ya gane.

Bai daina zuwa tafkin ba, don in ya zauna a gida ba wanda zai zauna da shi. Matarsa ta rasu da daɗewa, ɗansa yana Marsiliya, can ƙetaren teku, sai dai ya aiko da waya da gaisuwar salla. Kullum bayan asuba yakan saɓa jaka ya bi hanyar da ta ratsa itatuwa, ya zauna a gefensa na dutsen, ya bar gefen Lazhar. Yana ganin tsuntsaye birjik, ba wanda ya tabbata. Zalɓe zai buɗe baki ya rufe, shamuwa ta kaɗa nata a kan turken lantarki, duk shiru kamar an rufe duniya da bargo. Gorar kofin ma haka yake komawa da ita a cike, tunda doka ba ta ba shi ikon buɗewa ba. Kewa ta ishe shi, ba ƙarama ba.

Da hantsi sai ya biya gidan Lazhar. An jawo masa gado kusa da tagar da ke kallon lambu, inda malam-buɗe-littafi masu ruwan ɗorawa da baƙin zane suke shawagi a kan bishiyar lemo. Belkasem yakan kwatanta masa su, Lazhar ya ce waɗannan ba su da amfani a wajensa, halittar da ba ta magana ta kurame ce. Sannan ya jawo kunnen hagun abokinsa kusa da bakinsa.

"Ka gan shi?"

"Tukuna."

"Ka dai yi sauri, malam kurma. Ba zan jira ka har kaka ba."

Hajja Wanasa ce ta kawo dabara. Ita da take aika wa 'yarta saƙon murya kullum, ta karɓi wayar Belkasem ta nuna masa inda zai danna. Ta ce in Allah ya sa ya ga wani abu a cikin kacalar, ya ɗauko kukan ya kawo, ido ya shaida a can, kunne ya shaida a nan. Lazhar ya ce dokar ba ta hana ba.

Sai da zafi ya kai inda ya kai, ruwa ya ja baya ya bar taɓo a gindin kacalar, sannan abin ya faru. Wata safiya Belkasem ya ga ganye ya motsa daidai inda yatsan Lazhar ya saba nunawa. Wani ɗan tsuntsu ya fito, ruwan ƙasa mai ja-ja, ƙirjinsa toka-toka, jelarsa a ɗage. Ba shi da wani kyau da za a ba da labari. Ya kama kara, ya kumbura wuya, ya wage baki har duk jikinsa yana rawa.

Belkasem ya danna inda aka nuna masa. Ya miƙa wayar gaba ya riƙe. Tsuntsun ya yi, ya huta, ya sake yi, kafin ya shige ya ɓace. Belkasem ya daɗe a zaune da wayar a miƙe, ƙirjinsa cike da murna da wani abu mai nauyi.

Rabon da ya yi sauri irin na ranar har ya manta. Ya shiga gidan ko takalmi bai gama cirewa ba, ya zayyana launi da jela da wurin, sannan ya ba Hajja Wanasa wayar ta kunna, ta kanga wa mijinta a kunne. Belkasem ya zauna a bakin gadon yana karanta fuskar abokinsa. Da farko Lazhar ya haɗe gira. Can sai ya yi murmushi. Daga nan murmushin ya tafi. Hajja Wanasa ta sa gefen mayafi a fuska ta fita lambu.

"Shi ne?" in ji Belkasem.

Lazhar ya laluba ya kamo kunnensa.

"Ina zan sani? Ba tsuntsu a ciki, ɗan'uwa. Kai ne ka cika wayar da surutu, tun daga farko har ƙarshe."

Belkasem ya ce ƙarya ne, bai buɗe baki ba. Lazhar ya ce ya buɗe, har kwaɗi sun yi shiru suna sauraro. Ya ce a cikin wayar Belkasem ya kira sunansa ya fi a ƙirga. Ya ce masa duba, duba, ga shi can, ashe da gaskiyarka. Ya ce kofin Lazhar yana cikin jaka a wanke, kullum da shi yake zuwa. Ya ce dutsen ya yi masa faɗi shi kaɗai. Sauran kuma, in ji Lazhar, ba zai maimaita ba.

Kunya ta rufe Belkasem har wuya. Ga baƙin ciki, don abu guda da ya rage zai iya yi wa mutumin nan, da bakinsa ya ɓata shi. Ya miƙa hannu zai karɓi wayar, yana cewa a goge, gobe zai koma, zai cusa hankici a baki in ta kama.

Lazhar ya rungume wayar a ƙirji da hannu biyu.

"Wannan ta zauna nan. Wanasa za ta riƙa kunna mini."

"To tsuntsun fa?"

"Tsuntsun ai na sha jin sa."

Haka Belkasem ya koma gida ba waya. Ba a buɗe gorar kofi ba, don doka doka ce, kunne bai shaida ba.

Washegari bayan asuba ya saɓa jaka ya bi hanyar da ta ratsa itatuwa, ya zauna a gefensa na dutsen. Rana ba ta yi nisa ba ganyen ya motsa. Ɗan tsuntsun ya fito kamar bai taɓa ɓuya ba, ya kama karansa na jiya, ya kumbura wuya. Belkasem ya ji leɓensa sun fara motsi. Ya ɗora hannunsa a kan gwiwarsa, ya matse.