Sanu da Hanya

A shekarar da sojoji suka tattara suka koma bariki, a shekarar ce ɓarin jikin Ɗan'azumi direba ya shanye. Gari na ta hidimar sabuwar gwamnatin farar hula, shi kuwa yana kwance a soron gidansa da ke Tarauni, ya ba duniya baya yana kallon bango. Bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki, sai ɗan motsi da ya rage a babban yatsa. 'Yarsa Asabe malamar asibiti ce, ta kuma faɗa ba ɓoye-ɓoye: in ba a motsa hannun nan cikin watannin farko ba, haka zai sandare har abada. Ta kawo masa ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ya dube ta, ya dubi ƙwallon, ya ture shi da hannun hagu. Mutumin da ya shekara ashirin da bakwai yana murza sitiyarin gingimari tsakanin Kano da Ikko, wanda kowace tasha aka shiga aka ce "Sanu" an san shi ake nufi, shi za a ce ya zauna yana matsa ƙwallo!

Abin ya fi damun ƙanensa Inuwa, mai liƙin roba a Gyaɗi-Gyaɗi. Ɗan'azumi ne ya ɗauko shi daga ƙauyensu ya kawo shi birni, shi ya saya masa kurfotin farko. Yanzu kullum Inuwa yana rumfarsa yana liƙe bokiti da baho da buta, amma zuciyarsa tana soron nan.

Ran nan da hantsi sai ga Asabe da wani abu a leda. Motar wasa ce mai rimot, ta tsinto a wajen 'yan gwanjo. Injin da tayoyin lafiya lau, jikin ne ya farfashe.

"Baffa, duba nan," in ji ta. "Da babban yatsa ake tura sandar rimot ɗin. Motsin da nake so Baba ya yi ke nan."

"Asabe, wanda ya ƙi ƙwallo, shi zai karɓi motar yara?"

"Ai shi ya sa na kawo maka. Ka mayar da ita tasa."

Inuwa bai taɓa ƙera mota ba, amma roba ba ta da wani sirri da ta ɓoye masa. Ya san jarkar mai ba ta shan fenti, gam ma ba ya kama ta, don haka bai ɓata lokaci a kanta ba. Guntayen bututun ruwa ya nemo, ya tsaga su da zarton ƙarfe, ya gasa a kan gawayi har suka yi laushi, ya danne su tsakanin katako biyu da bulo a sama. Da suka huce sai ga faranti shimfiɗaɗɗe. Takardar awo kuwa, fastocin 'yan takara ya ɓamɓaro daga bangon maƙwabta ya yi zane a bayansu, yana cewa wannan ne amfanin farko da siyasa ta yi masa.

Kan motar ne ya ba shi wuya. Ya sassaƙa guntun katako siffar hancin gingimari, ya riƙa ɗora roba mai zafi a kai yana dannawa da jiƙaƙƙen tsumma. Sau uku tana ƙonewa, a na huɗu ta zauna. Bodin baya ya yanka siri-siri da reza, ya jera kamar katakon gaske, ya huda da ƙusa mai zafi ya ɗaure da waya. Asabe ta kawo tsohon fim ɗin hoton ƙirji aka wanke, ya zama gilashin gaba. Da ya ɗora jikin a kan injin, mota ta yi gurnani ta ƙi tafiya, ta yi nauyi. Inuwa ya yi tsaki, ya kwance, ya kwana biyu yana goge ta da sanfefa har yatsunsa suka yi fari. Masu kawo bokiti suka riƙa tsokanarsa, wai Malam Inuwa ya koma yarinta da furfura a gemu.

Saura rubutun goshi. Inuwa bai yi boko ba, amma ya sha ganin goshin motar yayansa har siffar baƙaƙen ta zauna masa a ka. Ya shafa kore da ruwan ɗorawa, sannan ya ɗauki tsinken tsintsiya ya zana da jan fenti: SANU DA HANYA.

Da Asabe ta biyo ta gani, sai ta yi dariya.

"Baffa, aiki ya yi kyau, amma ka ci harafi ɗaya. Sannu ai N biyu ce."

Inuwa ya ƙirga da yatsa. "Ni dai huɗu na sani a kalmar farko."

"Mantuwa ce. Bari in rubuta maka a takarda."

Ransa bai kwanta ba, amma wa zai yi gardamar boko da malamar asibiti? Washegari da sassafe ya shafe, ya sake zanawa da baƙaƙe biyar. Ko bushewa fentin bai gama yi ba suka ɗauka sai Tarauni.

Suka tarar da Ɗan'azumi yadda ya saba, fuska a bango.

"Yaya, barka da hantsi."

Inuwa ya ajiye motar a dandaɓe ya tura sandar. Ta taho tana ƙugi, ta yi karo da gefen tabarma ta tsaya. Ɗan'azumi ya juyo da kyar. Ya daɗe yana kallonta, daga hancin har bodin, har wayar da aka ɗaure ƙofar hagu da ita, kamar yadda tasa take. Idonsa ya kawo ruwa. Inuwa ya ji daɗi ya cika shi har wuya.

Sai fuskar tsohon ta canza. Ya yunƙura ya jingina da bango, ya kai hannun hagu ga goshin motar zai kankare wani abu. Mota mai taya ce, da ya taɓa ta sai ta gangara baya. Ya jawo ta, ya sake, ta sake zillewa. Asabe ta matso za ta riƙe masa, Inuwa ya tare ta da hannu. A lokacin ne Inuwa ya gane. Kuskuren mai zanen gingimarin ne tun asali, direbobi suka mayar da shi sunan yayansa, mai sunan kuma ya shekara ashirin da bakwai bai yarda an gyara ba.

Ɗan'azumi ya danne motar da hannun hagu. Ya dubi na daman da ke yashe a cinyarsa kamar baƙon da ya daɗe bai gaishe shi ba. Kafaɗa ta ɗaga. Hannun ya ja jiki a kan tabarma yana rawa, gumi na tsattsafo wa tsohon a goshi. Farcen babban yatsa ya sauka a kan N ta biyu, ya karce, ya sake karcewa, jan fenti ya naɗe a farcen. Aikin safiyar Inuwa ya lalace, kuma tunda yake bai taɓa murnar lalacewar aikinsa irin ta ranar ba.

"Sa... nu," in ji Ɗan'azumi, yana harara.

Asabe ta rufe fuska da gefen mayafi. "Na ji, Baba. Sanu."

Tsohon ya huta, yana haki. Can ya dubi rimot ɗin da ke hannun ƙanensa.

"Ma... kulli."

Inuwa ya durƙusa, ya zagaya ta ɓangaren dama, ya ajiye masa shi a ƙarƙashin yatsan da ya yi ja da fenti.