Ki Sha Taki, In Sha Tawa

Takalmin makaranta ne, na ƙafar hagu, kuma a kafaɗa ya sami Baba mai gyaran takalma. Ina tsaye da bokitin wanki a hannu, kafin in buɗe baki 'yata Auta ta ɗora da abin da ya fi jifan muni.

"Ka mutu ma kowa ya huta."

Laifin Baba bai wuce cewa da ya yi gam bai bushe ba, ta bari sai anjima. Ya sunkuya ya ɗauki takalmin, ya duba inda ya manna, ya ce to ga shi nan ta ɓata masa aiki. Ni kuwa kunya ta hana ni sanin inda zan sa kaina.

Ɗakinsu na kallon namu, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Shi da matarsa Inna 'ya'yansu duk sun yi nisa, sai suka mai da Auta jika ba tare da sun nemi izinin kowa ba. Shekararta bakwai, kuma tana da farfaɗiya. Da likita ya sa ta a sabon magani faɗuwa ta tsaya cak, har kukan murna na yi. Amma yarinyar da ta rage a gidan ban san ta ba. Wadda a da in ta taka wutsiyar kyanwa sai ta ba ta haƙuri, yanzu cizo, yaga littafi, kuka ba dalili. Likita ya ce maganin kan taɓa halin wasu yara. Ya fara rage shi a hankali yana haɗawa da wani, ya kuma ja min kunne kada a kuskura a tsayar da shi farat ɗaya.

Baba kaɗai ne bai taɓa ce mata mara kunya ba. In ya ga ta taso, sai ya miƙa mata guduma da tsohuwar fata ya ce ta daka masa. Har alfahari yake yi wai duk masu sana'arsu babu mai fata mai laushin tasa.

Satin bai ƙare ba ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo. Asibiti suka riƙe shi kwana biyu suka sallamo shi da ledar magani, suka ce zuciyar ta gaji. Inna ta jawo masa katifa kusa da ƙofa don ya riƙa ganin tsakar gida, ga tarin takalman mutane a gefensa, ɗakin na ta warin gam da fata.

Auta ta ƙi leƙa shi. Ko famfo za ta, sai ta bi ta jikin bango. Ta yi shiru, ni kuma na ɗauka sauƙi ne ya fara zuwa, sai da tsintsiya ta sharo min ƙwayoyin maganinta daga ƙarƙashin gado. Ashe ɓoye su take yi, ba ta sha. Na zaunar da ita na tambaye ta dalili.

"Umma, ƙwayar ce take sa ni faɗin abu. Na ce ya mutu, ga shi zai mutu. In na sha, ke ma zan ce miki."

Na lallasa, na yi faɗa, babanta ya zo ya yi nasa. Ta dantse haƙora. Na kira likita, ya ce in kawo ta da safe, amma na yamman nan lallai ta sha. A gidan haya ba a ɓoye magana, Inna ta ji komai ta kai wa Baba. Sai ga ta wai a kawo masa mai laifi.

Na riƙo hannunta har bakin ƙofa, nan ta toge. Baba ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma bakin nan na nan.

"Ke 'yar mitsitsiyar nan, ke har kin isa ki kashe ni? Ciwon nan ya girme ki. Ranar da aka kawo ki gidan nan a zani, daga asibiti nake dawowa. Tambayi Inna."

Inna ta ce ƙwarai kuwa, saura kaɗan ya girmi uwarta ma.

"Amma na ce ka mutu," in ji Auta.

"Inna ta fi ki faɗa, ga ni nan. Zo ki ga tawa ƙwayar. Ɗaci kamar me, kuma ni ma tana sa ni masifa."

Inna ta ce wannan halinsa ne tun yana saurayi, kada ya laƙa wa magani. Auta ta yi wata 'yar dariya da na manta tana da ita.

"To ki sha taki, in sha tawa. Kowa ya buɗe baki a duba, don ni ban yarda da ke ba."

Ta sha. Ta wage baki ta ɗaga harshe, ya leƙa sosai ya ce babu. Shi ma ya wage nasa, haƙori uku ne suka rage a ciki, ta leƙa ta ce babu. Ni dai fita na yi na tsaya bayan shanya don kada su ga hawayena.

Haka suka riƙa yi safe da yamma. Fushin bai tafi lokaci guda ba, akwai ranar da ta watsa masa ruwan kofin a bargo, ya ce dama yana buƙatar wanki. Amma ya riƙa raguwa, faɗuwa kuma ba ta dawo ba. Shi kuwa kullum ƙasa yake yi. Daga baya ko ruwa ba ya iya haɗiya, sai dai Inna ta jiƙa masa leɓe, amma in Auta ta gama nata sai ya buɗe baki a duba shi.

Ya cika da hantsi, Auta na makaranta. Da ta dawo na gaya mata ba kwana-kwana, ina kallon fuskarta. Ta yi kuka irin na kowane yaro. Ba ta tambaye ni ko ita ce ba.

Da yamma ta yi na rasa ta inda zan ɓullo mata, sai na ajiye ƙwayar da kofi a kan kujera na yi kamar ina ninke kaya. Ta ɗauka ta tsallaka tsakar gida. An naɗe katifar an jingina da bango, Inna na zaune a wurin tsakanin mata masu gaisuwa. Auta ta haɗiye, ta tsaya tana dube-dube, sannan ta matsa gaban Inna ta wage baki.

Inna ta share idonta da bayan hannu, ta kamo haɓar yarinyar ta juya ta wajen haske, ta leƙa har ƙarƙashin harshe.

"Babu," in ji ta.