Mai Gyaran Firij Ya Rufe Shago

A layin masu gyare-gyare kowa Baban Firij yake kiransa. Dattijo ne mai furfura, ba ya son dogon surutu, aikinsa kuma ba a dawo masa da shi. Babu wanda ya san cewa kafin ya koyi cika gas da canza kwamfireso, wato injin firij, kisan mutane ne sana'arsa. Ƙanensa kaɗai ya sani, wani malamin firamare, shi ne ma ya yi ta kuka da magiya har ya raba shi da harkar, ya kama masa shagon.

Wata ranar Talata ƙanen ya ari motarsa don ya kai matarsa awon ciki. Ya sauke ta a asibiti, yana tsaye a danja wasu mutum biyu a kan babur suka harbe shi ta taga. Motar suka gane, ba su duba fuska ba.

Bayan an gama zaman makoki matar ta sami Baban Firij a shago. Ya kwance murfin bayan wani tsohon firij da ya daɗe a lungu, yana goge ƙaramar bindigar da ya ciro daga ciki da tsumma. Ta zauna a kan benci da ƙyar saboda nauyin ciki, ta tambaye shi wa ya turo 'yan babur ɗin. Ya gaya mata gaskiya: tsohon ubangidansa ne, wanda ake kira Manaja. Yanzu ya zama babban ɗan kasuwa mai ma'ajiyar kaji da kifi, yana bin duk wanda ya san asalinsa yana kawarwa.

"Yaya, ba zan ce ka je ba, ba zan ce ka zauna ba," in ji ta. "Ni dai mijina ba zai dawo ba."

Ya ce ya sani. Ya miƙa mata makullin shagon, ya ce ta sayar da kayan ciki.

Ya yi kwanaki yana zagaya ma'ajiyar da kekensa har ya gane inda wayoyin injin sanyi suka bi ta bayan katanga. Ran nan da hantsi ya datse ɗaya. Kafin azahar ruwa ya fara tsiyaya daga kwalaye, ma'aikata suna ta guje-guje, sai ga shi a bakin ƙofa da jakar aiki da kwamfireso a kafaɗa, ya ce an kira mai gyara. Mai gadi ya zazzage jakar, ya ga sifana da filaya, ya ce masa ya yi sauri, kaji na narkewa, Manaja ma ya kusa narkewa. Bai taɓa kwamfireson ba. A cikinsa bindigar take.

A kan matakala ya haɗu da ɗaya daga cikin 'yan babur ɗin, dogo mai tabo a wuya, kamar yadda masu shaguna a danjar suka kwatanta masa. Yaron ya riga shi zaro makami, harsashi ya shige shi a kafaɗa. Baban Firij ya jingina da bango, ya zaro bindigar daga kwamfireson, ya saita hannu, ya harba sau ɗaya, yaron ya faɗi. Sannan ya ci gaba da hawa, jini na bin hannun rigarsa.

Manaja na zaune a ofis, waya a kunne, ya yi ƙiba har kujera ta matse shi. Da ya ga wanda ya shigo sai ya ajiye wayar a hankali. Ya ce kuskure aka yi, yaran yanzu ba su iya aiki ba, ya ce zai ɗauki nauyin matar da abin da za ta haifa.

"Yara yake koya wa karatu," in ji Baban Firij. "Ko kaza bai iya yankawa ba."

Ya harbe shi a ƙirji.

Bai gudu ba. Ya zauna a kujerar baƙi, ya danne raunin da tawul, ya ɗauki wayar ofishin ya kira 'yan sanda da kansa. A kotu ya faɗi duk aikin da ya taɓa yi da waɗanda suka sa shi, har aka kama wasu manya. An yanke masa ɗaurin rai da rai. Yana kurkuku labari ya iso masa cewa matar ƙanensa ta sauka lafiya, an samu mace.