Fiyano a Cikin Kwalekwale

Ni dai ban taɓa ɓoye wa kowa ba, ina son ambaliya. Mutanen layinmu a Hoi An sun ce kaina ba daidai yake ba, to su yi ta faɗa. Duk shekara idan damina ta yi nisa, kogi ya fara leƙo kasuwa, lasifikar unguwa ta ce kowa ya tattara nasa ya nasa, ni sai in ji wani sanyi a raina. Na san za a kwana biyu ba a turo mini ɗan kowa ya zo ya hau mini fiyano da duka kamar mai saran nama ba.

Aikina uku ne, ɗaya ne kawai yake ciyar da ni. Da safe ina tsara kiɗa, wanda ba mai saurare sai ƙadangarun bango. Da rana in koyar da 'ya'yan mutane, masu zuwa da maiƙon kifi a yatsu. Da yamma kuma in zauna kan littafin labarin da na fara tun gashina yana baƙi wuluk. A cikinsa, wata mata ce ta sauka daga jirgin ƙasa da jaka ɗaya, kuma har yau tana nan tsaye a tasha, don na rasa inda zan kai ta.

Iya Nhan, tsohuwa mai taliya da bango ɗaya ya raba mu, ba ta barina in sha ruwa kan wannan. Kullum na je da kwanona sai ta ce, "Malama Diep, matar nan taki ta samu mota kuwa? Ko a kai mata kujera?"

"Iya, zuba mini taliya ki bar ni da abin da ya dame ni."

"Ni ma ai ya dame ni. Tun kina 'yar mitsitsiya nake jin ƙwanƙwasar akwatin nan ta bango, har yau ban ji wadda zan taka rawa da ita ba."

Akwatin da take faɗa shi ne fiyanona. Mahaifina ne ya turo shi a kura daga wani tsohon gidan silima da aka rufe, ina shekara bakwai. Baƙi ne, dogo, mai nauyin tsiya, fararen maɓallansa sun koma ruwan ƙwai. Shi ne abincina, kuma in ba yatsuna a kansa ba, ko layi ɗaya na kiɗa ba ya zuwa mini.

Kowane gida a layinmu yana da ƙofa a rufin ɗakin ƙasa, da igiya da ƙugiya. In ruwa ya taso, ta nan ake janye firiji da buhun shinkafa da teburin da ake jera hotunan kakanni zuwa saman bene. Fiyanon nan kuwa ya fi ƙarfin ƙofar. Sai Kawu Khiem, ƙanin mahaifiyata mai fito a kogi, ya ɓullo da dabara. Kafin ruwa ya iso mukan cire allunan ƙofar gaba, a jawo kwalekwalensa har tsakar ɗaki, mazan layi su taru su ɗora fiyano a ciki, a ɗaure shi tamau. In ruwa ya shigo, kwalekwale ya tashi, fiyano ya tashi tare da shi. In ya janye, su sauka tare.

Bana ma haka muka yi. Ruwa ya shigo da hantsi, ja kamar shayi da madara, ba hayaniya, ya lashe dokin ƙofa, ya haye matakala ta farko, ya ci gaba. Kawu ya shimfiɗa tabarmarsa a sama yana busa taba. Ni kuwa na sauko, na taka cikin kwalekwale, na zauna a 'yar kujerata.

Kai, wanda bai taɓa kaɗa fiyano a kan ruwa ba, ban san yadda zan yi masa bayani ba. Ba wutar lantarki, ba ƙarar babur, ba mai kiran sunana. Garin gaba ɗaya ya yi tsit sai yayyafi. Idan na danna maɓallan hagu masu kaurin murya, sai in ga ruwa yana rawa a gefen jirgin, zobe na bin zobe har bango. Hasken da ke shigowa ta ƙofa ya bugi ruwa ya haye rufi yana lilo, ni ma ina lilo, kiɗan ma yana lilo. Wani takalmin roba ya shigo shi kaɗai, ya zaga ɗakin ya duba ko'ina, ya fita. Furannin wata bishiya suka biyo bayansa. Har wata agwagwa ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta karkata kai, kuma ta fi yawancin ɗalibaina natsuwa.

Kiɗan da na yi wata da watanni ina kokawa da shi, ran nan da kansa ya riƙa zubowa. Hannun hagu yana tafiyar ruwa, na dama yana bin sa a hankali kamar mai tsoron jiƙa zane. Can sai na ga matar littafina a bakin ƙofa, da jakarta, ruwa iya ƙugu, tana kallona. Na ce mata, "Ashe jirgin ruwa kike jira, shi ya sa kika ƙi motar." Ta yi murmushi. Daɗi ya kama ni har na ji hawaye.

Washegari ruwa bai janye ba, ƙaruwa ya yi. Da na sauko da safe sai na ga kan fiyano ya wuce saman ƙofar gaba, ya kusa sumbatar rufi. Ban damu ba, na sunkuyar da kai na ci gaba da abina. Ina cikin haka na ji ƙara ta bango, kamar an yar da buhu, sai ihu.

"Malama! Kawu! Ku taimaka, Iya ta faɗi!"

Muryar Thuc ce, 'yar Iya Nhan. Muka haura ta barandar sama, muka tsallaka katanga. Iya tana kwance a ƙasan tsani, ƙafarta ɗaya ta juye wani iri. Wai hawa ta yi za ta toshe inda rufi ke yoyo a kan garin taliyarta. Fuskarta ta yi fari fat, gumi yana keto mata cikin wannan sanyi.

Thuc tana kuka ta ce ta buga waya, an ce duk jiragen agaji suna ƙetaren kogi, inda mutane ke kan rufin gidaje. Sai dai a jira, wataƙila gobe.

Kawu ya durƙusa ya taɓa ƙugun Iya, ta ciji leɓe. Ya miƙe, bai kalli kowa ba, ya ce, "Wannan ba ta gobe ba ce."

Kowa a ɗakin ya san kwalekwale ɗaya ne a layinmu, kuma kowa ya san abin da ke cikinsa. Da fiyano a kai ba zai fita ta ƙofa ba. Babu tudun da za a sauke shi, babu ƙofar da zai bi ya hau sama. In ruwa ya ƙara taƙi ɗaya ma, ko wofi jirgin ba zai fita ba.

Iya Nhan ce ta fara magana, da ƙyar. "Kada wanda ya taɓa wa yarinyar nan akwatinta. Kun ji ni? Na haifi 'ya'ya shida, ƙashi ɗaya ne zai gagare ni? Zan jira."

Gaskiya zan faɗa, na so in ce to. Har bakina ya buɗe. Haushi ya turnuƙe ni, na Iya da garin taliyarta, na Kawu da ya ƙi kallona, na mahaifina da ya rasa abin da zai turo gida sai abin da ba ya shiga ƙofa. Sai na ga hannun Iya yana damƙe da ƙafar tsani, jijiyoyin sun fito raɗa-raɗa, tana danne ihu don kada in ji.

Na ce, "Iya, yi mana shiru, kin cika surutu. Kawu, mu je."

Muka sauka. Kawu ya tuɓe riga ya faɗa ruwa, ya kama gefen jirgin. Ya ɗago ya dube ni. "'Yar nan, ni ba zan kwance igiyar nan ba. In za a kwance, ke za ki kwance."

Na shiga kwalekwalen. Ƙullin ya sha ruwa ya ƙanƙame, sai da na sa haƙori. Na ɗauka zan danna ko maɓalli ɗaya ne na ban kwana, amma ban iya ba. Na rufe murfin a hankali yadda nake koya wa yara, na koma kan matakala.

"Juya baya," in ji Kawu.

Ban juya ba. Ya rataya a gefen jirgin da dukan nauyinsa. Jirgin ya karkata, fiyano ya yi ɗan jim kamar mai tunani, sannan ya zame ya kwanta da bayansa a kan ruwa. Duk wayoyin cikinsa suka yi kuka lokaci guda, wata irin murya mai zurfi da ban taɓa jin ta daga gare shi ba duk zamanmu, har allon matakala ya girgiza a ƙarƙashin ƙafata. Bai nutse nan take ba. Ya ɗan yi iyo, ya juya a hankali tsakiyar ɗakin, murfin ya buɗe da kansa, ruwa ya bi kan maɓallan daga hagu zuwa dama. Muryar ta yi ta yin ƙasa tana dushewa, sai kumfa, sai ruwan ya haɗe.

Muka kwashe ruwan da jirgin ya sha da tukunya. Muka kwanta rigingine a ciki, Kawu yana tura rufi da tafin hannu, muka sulale ta ƙofa, katakon samanta yana gogar hancina. Maƙwabta suka ɗaure Iya a kan ƙyauren ɗaki, suka zuro ta daga baranda da igiyar janye kaya. Thuc ta riƙe mata laima, ni na ɗora kanta a cinyata.

Kawu ya sa gora. Muka bi ta tsakiyar titi, muna wuce kawunan fitilun hanya da allunan shaguna, mutane suna leƙowa daga tagogin sama. Yayyafi yana sauka. Ban yi kuka ba, ji na yi kawai kamar an kwashe kayan cikina an bar ni fayau.

Mun kusa tudun asibiti Iya ta buɗe ido. "Ke, Malama."

"Na'am, Iya."

"Ni ba akwatinki ba ce."

Na duba. Ashe tun ɗazu yatsuna suna tafiya a kan kafaɗarta, hagu da dama, ban sani ba. Kunya ta kama ni, na janye hannuna da sauri.

Ta lalubo shi da hannunta mai sanyi, ta mayar da shi inda yake, ta lumshe ido.

"Ban ce ki daina ba."